Yadda Ake Cire Rediyon Mota na Kamfani a Saka Mai Allon Taɓawa

Yawancin motocin da ke shigo mana ta Kwatano ko ta tashar Legas da rediyonsu na kamfani suke zuwa: faifan CD, FM, wani lokaci da ɗan ramin AUX, shi ke nan. Yau kuwa karatun mutum da wa'azinsa da waƙoƙinsa duk a waya suke, yana kuma son taswira da kyamarar ribas. Aikin canza shi ba ya buƙatar gareji. Mai haƙuri zai gama shi a inuwar ƙofar gida tsakanin hantsi da la'asar, muddin ya sayi kayan da suka dace da motarsa kuma bai sa almakashi a wayoyin motar ba.

Zan yi misali da Toyota Corolla ƙirar 2009 zuwa 2013, don tana ko'ina kuma dashbod ɗinta ba shi da rigima. Inda wata motar ta saɓa, zan faɗa.

Kayan aiki

Sifana lamba 10, mai soket da dogon hannu. Sukudireba biyu, sita da filat. Filaya da abin feɗe waya. Mitar gwajin wuta. Ƙarfen dalma da dalmarsa, da robar nan da ake zura wa waya ta tsuke idan ta ji zafi. Baƙin salatif mai kyau, 'yan igiyoyin roba na ɗaure waya, tocila, tsumma, da ƙaramin kwano na zuba kusoshi.

Sai robobin ɓamɓare dashbod. Idan babu su, tsohon katin ATM yana yin rabin aikin, sauran rabin kuma ka naɗe bakin sukudireba filat da tsumma. Kada ka sa ƙarfe tsirara a jikin robar mota, musamman wadda ta sha ranar Arewa shekara da shekaru, tabon ba ya gogewa.

Mitar kuwa ba a yi mata madadi. Masu wayarin da yawa da ƙwan gwaji suke aiki, amma ni ban yarda sabon hannu ya riƙa tsikarar wayoyin bayan dashbod da shi ba, domin ƙwan yana jan wuta, kuma a can akwai wayoyin kwamfutar mota da na jakar iska, wadda ke fitowa ta kare mutum lokacin hatsari. In ba ka da mita, ara.

Kayan da za ka saya

Abu uku ne dole: rediyon, firem ɗin da zai zauna a ciki, da soket ɗin haɗi wanda aka yi wa motarka. Kyamarar ribas ta huɗu ce in kana so.

Rediyon iri biyu ne a kasuwa. Akwai na kamfanoni irin su Pioneer, Kenwood, Sony da JVC, waɗanda girmansu ɗaya ne a duniya: faɗi milimita 180, tsayi milimita 100, shi ake kira dabul DIN. Sautinsu ya fi, suna tashi nan take, suna jure zafi, amma ba ka zuba musu manhaja sai dai ka haɗa wayarka ta Android Auto ko Apple CarPlay. Ramin Toyota ya ɗan fi wannan faɗi, milimita 200 ne, shi ya sa ake buƙatar 'yan robobin cike gefe ko cikakken firem. Akwai kuma na Android da ake yi a China, masu allon inci 9 ko 10, waɗanda galibi ke zuwa da firem da soket na motar da ka ambata. Su suka cika kasuwannin kayan mota na Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo da Ladipo, kuma su yawancin mutane ke sakawa.

In na Android za ka ɗauka, kada ka kalli kwali, ka sa a kunna maka shi a shago. RAM ɗin kada ya gaza 2GB, in aljihu ya yarda ka ɗauki 4GB, don mai 1GB daga ka buɗe taswira ka kunna karatu sai ya fara tsayawa. Wasu marasa kyau ana rubuta musu lambobin ƙarya har a cikin saitinsu, saboda haka ka gwada da hannunka: buɗe manhaja uku ko huɗu, ka riƙa tsallakawa tsakaninsu, ka ga ko yana bin yatsanka. Ka kalli allon ta gefe, ka kuma fita da shi haske in zai yiwu, domin allon da ke kyau a cikin shago yana iya zama madubi da rana tsaka. Juya bayansa ka duba: ko ƙaramar fanka, ko faffaɗan ƙarfe mai tsage-tsage na fitar da zafi. Motar da aka rufe a rana a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, dashbod ɗinta ba ya taɓuwa, wanda ba shi da hanyar shan iska zai riƙa kashe kansa. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: da yawa daga cikinsu FM kaɗai gare su. In kai mai sauraron Rediyon Kaduna ne a kan AM idan ka yi nisa da gari, ka tambaya tun kafin ka biya.

Rubutun 4x50W da ke jikinsu kada ya ruɗe ka. Ainihin ƙarfin da kowace sifika ke samu bai cika wuce wat 20 ba, kuma ya ishi sifikokin kamfani.

Kafin ka tafi kasuwa ka duba motarka da kyau. In ka ga tambarin JBL a jikin rediyo ko a kan sifika, kamar yadda ake samu a wasu Camry na 2007 zuwa 2011, to akwai amfilifaya a ɓoye, soket ɗinta daban ne, in ka sayi na gama-gari allo zai kama amma ba za ka ji ko tari ba. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake ce wa EOD (ta 2006 da 2007 kuma DC), madannan AC ɗinta a haɗe suke da rediyon, don haka firem ɗinta yana zuwa da nasa madannan, kuma sai ka faɗa wa mai shago ko AC ɗinka mai sanyaya ɓangare ɗaya ne ko biyu. Sababbin motoci da yawa kuma suna buƙatar ɗan akwatin kanbos, wanda ke fassara wa rediyon saƙon kwamfutar mota. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara ciro tsohon rediyon, ka ɗauki hoton bayansa da na soket-soket ɗin, ka tafi da hoton.

1. Cire kan batir

Fitar da faifan da ke cikin tsohon rediyon tukuna, don bayan an cire wuta ba zai fito ba. In motar otomatik ce, ja hambirki ka janyo sandar giya zuwa baya yadda ba za ta tare maka hanya ba. Kashe mota, buɗe bonet, kwance kan batir na nagetif da sifana 10, ka kautar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Jira minti biyu kafin ka taɓa komai a dashbod. Toyota da kanta daƙiƙa 90 take cewa a jira saboda jakar iska.

Mai Honda ya sani cewa tsohon rediyonsa zai nemi lambar sirri duk ranar da aka mayar da shi. In kana da niyyar ajiye shi don ranar sayar da mota, nemi lambar ka rubuta a jikinsa.

2. Ɓamɓare dashbod

A Corolla, robobin da ke gefen giya da dogayen da ke hagu da daman rediyo duk maƙale suke da 'yan ƙugiyoyi, babu kusa. Fara daga ƙasa. Zura robar ɓamɓarewa a tsaga, ka ɗan murɗa har ka ji ƙas, ka matsa gaba kaɗan ka sake. Janyo su kai tsaye zuwa ƙirjinka, kada ka lanƙwasa gefe. Da sun fita, sai na sama mai ramukan iskar AC, shi ma janyo shi ake yi. In wani wuri ya ƙi, kada ka yi masa ƙarfi, haska tocila ka duba, wataƙila akwai kusa ko wata robar ta danne shi.

Duk soket ɗin da ka zare a nan, na fitilar hazad ko na agogo ko na alamar jakar iska, ka ɗauki hotonsa. Kuma ka kiyaye wannan: duk soket ko bututun waya mai launin rawaya da ka gani a cikin motar, na jakar iska ne. Ba ruwanka da shi, ba a gwada shi, ba a ja shi.

3. Fitar da tsohon rediyon

Kusoshi huɗu masu kai lamba 10 ke riƙe da shi, biyu a kowane gefe. Ka riƙe kowace da yatsa yayin da take ƙarasa fita, don in ta faɗa cikin dashbod za ka sha ƙararta a kowane gargada. Shimfiɗa tsumma a kan giya, janyo rediyon, ka zare eriya da soket-soket ɗin ta hanyar danne ɗan harshensu, ba ta jan waya ba. Za ka ga manya biyu, mai baki 10 da mai baki 6, su ne na wuta da sifikoki. In motar tana da madannai a sitiyari, akwai ƙarin wani.

Ƙarafan da ke ɗaure a gefen tsohon rediyon kada ka yar da su. Rediyo mai girman dabul DIN da su ake ɗaure shi. Yi amfani da kusoshin da suka zo da sabon, don doguwar kusa tana iya shiga ta taɓa allon lantarkin ciki.

4. Haɗa wayoyi

In soket ɗin da aka ba ka na motarka ne daidai, wannan mataki minti ɗaya ne: wannan ya shiga wancan, an gama. In kuwa rediyon ya zo da wayoyi tsirara, ka sayi soket ɗin Toyota daban, ka zauna a tebur ka haɗa su launi da launi. Launukan rediyon kasuwa kusan ɗaya ne a ko'ina:

Rawaya ita ce wutar batir ta dindindin, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja, mai alamar ACC, tana samun wuta ne kawai idan an murɗa makulli. Baƙa ita ce nagetif. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai farin layi ta tayar da amfilifaya. Mai ruwan goro, ILL, ita ke rage hasken allo idan ka kunna fitila da dare. Sifikoki kuma biyu-biyu ne: fari gaba hagu, ruwan toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, kuma a kowane biyu mai baƙin layi ita ce nagetif. Duk da haka ka karanta takardar da ke manne a saman rediyon, ita ce alƙali, don wasu na China suna saɓawa.

Kowace haɗa ka feɗe kamar santimita ɗaya, ka zura robar tsukewa tun kafin ka murɗa, ka sa dalma, ka janyo robar ta rufe, ka ɗan gasa ta. In babu dalma, akwai 'yan bututun ƙarfe da ake matsewa da filaya. In su ma babu, murɗa sosai, ka naɗe kowace waya ita kaɗai da salatif mai kyau, ka ɗaure da igiyar roba a kai. Salatif mai arha zafin dashbod yana narkar da gam ɗinsa, bayan wata biyu ya zame, rawaya ta taɓa ƙarfe. Wayar da ba ka yi amfani da ita ba ma ka rufe bakinta.

Yanzu ga matsalar da aka fi samu a motocinmu: ka buɗe ka tarar wani ya riga ya yanke soket ɗin kamfani, wayoyi ne kawai a dunƙule. A nan kada ka bi launi ko kusa. Launin wayar mota daban, na rediyo daban. A Toyota da yawa baƙar waya da jar waya na sifikokin baya ne, nagetif ɗin kuwa ruwan ƙasa ce, ta makulli kuma ruwan toka. Wanda ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ya jona wayoyin wutar rediyo a sifika ke nan. Abin yi shi ne ka raba bakin wayoyin kada su taɓa juna, ka jona soket ɗin alamar jakar iska da ka zare, ka mayar da kan batir na ɗan lokaci, ka sa mita a kan DC 20, baƙin tsinkenta a jikin ƙarfen mota. Wadda ta nuna kusan 12 makulli na aljihunka, ita ce ta dindindin. Wadda sai ka murɗa makulli ta nuna 12, ita ce ACC. Wadda ke kawo wuta idan ka kunna ƙananan fitilu, ta haske ce. Manna wa kowace takarda, ka sake cire batir. Nagetif kuwa ka nemo ta da gwajin ƙara na mita tsakaninta da jikin ƙarfe, ko ka huta ka ɗaura baƙar wayar rediyon a wata kusa da ke jikin tsurar ƙarfe mara fenti.

Sifikoki da ƙaramin batirin tocila mai 1.5 ake gano su. Cikin wayoyin da suka rage a wannan dunƙulen na rediyo, taɓa biyu a kan batirin da gindinsa, ka saurara: ƙofar da ta yi ɗan ƙwas, tata ce. Taɓawa ɗaya ka ɗauke. Kada ka haɗa nagetif ɗin sifikoki wuri guda, kada kuma ka ɗaura shi a jikin mota kamar yadda ake yi wa tsofaffin tif, domin amfilifayar cikin rediyon zamani nan take take ƙonewa. In ka juya fozitif da nagetif na sifika ɗaya ba abin da zai ƙone, sai dai sautin ya zama holoƙo, ganga ta ɓace.

Akwai wayar hambirki, wadda ke hana bidiyo kunnuwa sai mota na tsaye. Masu sakawa da yawa suna ɗaure ta a nagetif don fim ya riƙa yi ana tafiya. Ni ba na yi, kuma ban ba ka shawara ba. Wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Zariya da yamma ya san idon direba ba shi da rarar da zai ba fim.

5. Madannan sitiyari, makirfo da eriyar GPS

A wannan Corolla madannan sitiyari ba sa bi ta kwamfuta, kowane madanni yana canza ƙarfin wutar da ke bin waya ne kawai. Rediyon Android yana da wayoyi biyu, KEY1 da KEY2, kuma soket mai kyau ya riga ya haɗa su. Daga baya za ka shiga saiti ka koya masa: danna na ƙara murya a sitiyari ka riƙe, ka taɓa alamarsa a allo, haka har su ƙare, ka ajiye. Pioneer da 'yan'uwansa galibi sai an saya musu ɗan akwatin fassara daban.

Makirfo ka maƙala shi a saman akwatin sitiyari ko kusa da madubin tsakiya, nesa da ramin AC, in ba haka ba mai kiranka iska kawai zai ji. In za ka bi da wayarsa ta ginshiƙin gefen gilashi kuma an rubuta alamar jakar iska a wurin, bi da ita ta bakin roba, kada ta gitta gaban jakar. Eriyar GPS tana gani ta cikin roba da gilashi, ba ta gani ta cikin ƙarfe, don haka ka manna ta a saman dashbod ko a ƙarƙashin robarsa ta sama, fuskarta na kallon sama. Wayoyin USB ka zura su cikin akwatin gaban fasinja.

6. Kyamarar ribas

Wannan ya fi komai cin lokaci, ba don wuya ba, don jan waya daga but zuwa gaba. Ɗaura kyamarar a saman lambar mota. Jar wayarta ta tafi fozitif na fitilar ribas, baƙar ta tafi jikin ƙarfe. Don gano wayar fitilar, a jona soket ɗin alamar jakar iska, a mayar da kan batir na ɗan lokaci, a ja hambirki, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, wani ya sa ribas yana taka birki, kai kuma ka gwada da mita. Doguwar wayar bidiyo mai rawayan kai ka bi da ita ta ƙarƙashin robobin bakin ƙofa, ka cusa ta a ramin da aka rubuta CAM, ba na AUX ba. A jikinta akwai siririyar jar waya a kowane ƙarshe: ta baya ka haɗa da fitilar ribas, ta gaba ka haɗa da wayar rediyo mai alamar BACK ko REVERSE. Ita ke gaya wa allo an sa ribas. In hoto ya ƙi fitowa ko ya fito yana birgima, duba saiti, domin kyamara iri biyu ce, AHD da ta gargajiya, sai ka zaɓi wadda ta dace.

7. Gwaji kafin rufewa

Kada ka ɗaure ko kusa ɗaya tukuna. Jona komai, har da soket ɗin hazad da na alamar jakar iska da ka zare, domin in ka murɗa makulli suna zare fitilar jakar iska tana iya kamawa ta ƙi mutuwa sai an sa kwamfuta. Ɗora rediyon a kan tsumma, mayar da kan batir, murɗa makulli.

Tura sauti gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama, ka tabbatar kowane yana fita inda allo ya nuna. Kira wani ta Bluetooth. Sa ribas. Kunna fitila ka ga ko allo ya rage haske. Ajiye tasha, kashe mota, zare makulli, ka jira kaɗan ka sake kunnawa. In ya manta tashar da agogo, an juya rawaya da ja. In ya ƙi mutuwa bayan an zare makulli, an ba jar wayar wutar dindindin, kuma da safe sai an tura motar. In bai kama ba sam, duba fiyus ɗin bayan rediyon da na akwatin fiyus na mota, ka maye shi da mai lamba ɗaya da shi, kada ka naɗa masa zaren waya.

Tayar da inji ka taka totur. In ka ji wani siririn kuka a sifika yana hawa da sauka tare da injin, nagetif ɗinka bai kama da kyau ba, canza masa wuri ka kankare fentin. In FM yana shuu alhali da yana kamawa garau, eriyar motar mai buƙatar wuta ce, haɗa shuɗiyar waya. A saitin rediyo kuma ka zaɓi yankin Turai, ba Amurka ba. Na Amurka yana tsallaken AM goma-goma, mu kuwa tara-tara muke, shi ya sa ba ya sauka daidai a kan 594 ta Rediyon Kaduna, kuma a FM yana tsallake duk tashar da lambarta ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8.

8. Rufewa

Tattara wayoyin ka ɗaure su dami-dami, ka naɗe akwatin kanbos da manyan soket da ɗan soso ko tsumma don kada su riƙa bugun roba. Tura su ƙasa ko gefe, ka bar wa bayan rediyon sarari ya sha iska. In ya ƙi shiga, waya ce ta tokare, janyo ka gyara, kada ka danna allon da tafin hannu. Firem ɗin Android yakan zo babu ƙugiyoyi da ramukan AC, sai ka ciro na tsohon ka mayar a kansa. Ɗaure kusoshi, mayar da robobi daga sama zuwa ƙasa.

Saboda an cire batir, agogo zai koma baya, injin yana iya ɗan rawa na 'yan mintuna kafin ya daidaita, gilashin direba kuma a wasu motocin yakan daina tashi da dannawa ɗaya har sai ka ɗaga shi ƙarshe ka riƙe madannin na 'yan daƙiƙu. In motar takan kwana biyu ba a tayar ba, shiga saiti ka rage lokacin da rediyon ke zama cikin barci kafin ya mutu gaba ɗaya. Mai son tabbatarwa ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, ya sa mita a kan 10A tsakanin kan batir na nagetif da wayarsa, ya jira kamar minti 20 ba tare da ya murɗa makulli ba. Ƙasa da 0.05 lafiya lau ne. In ya haura haka sosai, zare soket ɗin rediyon ka sake dubawa, in lambar ta faɗi to daga wajensa ne, sai ka koma kan jar waya da shuɗiya.